Biyu Ake Sawa a Gaba

Ke hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwata a tsakar rana, wa ya gaya miki kumatunki na zo aura? Wa? Yayarki ta tare ni a bakin ɗakin jinya, wai kin ce in nemi wata, ba za ki ɗora mini fuskar da wuta ta ci ba. Haba! Har kin manta wanda kika ruga ki ceta?

Ni ban manta ba. Ina kan injin sassaƙa ƙarfe, ɓarɓashin magnesiyam ya taru a ƙafata, tartsatsi ya faɗa ciki, sai farin haske kamar rana ta faɗo cikin shago. Ƙarti duk suka yi waje. Ke kaɗai kika fito daga sito a guje, kika suri jan bokitin nan da ya kamata a ce yashi ne a ciki, amma Oga mai shagon ya sa aka cika shi da ruwa, wai yashi na ɓata masa daɓe. Kika watsa. Wutar ta yi tsalle, ta saki wandona ta kama ki.

Tun ranar nake cin wani tsohon littafin kimiyya da na tono a gwanjo, ina bin sa da yatsa, don in san abin da ya cuce mu. Ashe ƙarfen nan in ya kama, ruwa abincinsa ne: ya fizge oksijin ɗin ruwan, ya saki haidirojin, shi kuma ya fashe. Mg + H₂O → MgO + H₂. Layi ɗaya! Layi ɗaya da ba wanda ya ga damar liƙa mana a bango, ga shi yanzu Oga na yawo yana cewa gangancin mace ne. Shi da ni ne, ki bar shi.

Ga layin da ya tsaya mini a rai. Na rubuta Mg + O₂ → MgO, na ƙirga, ya ƙi daidaita: oksijin biyu ya shiga, ɗaya ya fito. Littafin ya ce ba abin da ke ɓacewa, kuma ba a yarda ka goge komai ba, sai dai ka sa biyu a gaba. 2Mg + O₂ → 2MgO. Biyu suka shiga, biyu suka fito. Sun koma farar toka, amma tare.

To ke wane irin lissafi kike yi? Mu biyu wutar nan ta samu, sai ki kwashe tokar ke kaɗai, ki goge ni? Ya raɓar safiyata, ya ruwan farko bayan fari, tabon nan nawa ne, a jikinki kawai ya sauka! Zan shafa masa magani har yatsuna su tsufa. Naki ne ni, mai injin da kika tsamo daga wuta, har ƙasa ta rufe idona.

Ba na karɓar saƙo ta bakin kowa. Gobe lokacin ziyara zan tsaya a gindin gadonki, Inna na nan, Yaya na nan, malaman jinya na ji. Ki ɗage mayafin, ki dube ni, ki ce ba kya so na, da ƙarfi, kowa ya shaida. In bakinki ya kasa, to ki faɗa musu ranar da za a ɗaura.