Tukunyar Maman Bitrus

Asabar da dare, Woodbridge

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Yau muka je ganin tirelar zama, irin wadda ake maƙala wuyanta a bodin a-kori-kura. Tun da na yi ritaya nake son mu sayar da gidan nan mu koma cikinta, Maman Bitrus kuwa ba ta taɓa cewa e ko a'a ba.

Ashe da tukunyar tuwonta ta zo a jaka. Duk tirelar da muka shiga, sai ta ɗora ta kan murhu. Kunya ta kama ni a gaban dillalin. A wadda na fi so, mai faffaɗan falo, tukunyar ta ƙi zama. A wata ƙarama kuwa ta zauna daram.

A mota na ce, "Haba, a gaban Bature?"

Ta ce, "Baban Bitrus, da na biyo ka ƙasar nan, duk kayan uwata na baro a Jos, sai ita. In ta samu wuri, ni ma na samu."

Na haƙura da falon. Ranar Litinin zan kira mutumin a kan ƙaramar.