Inna, Ki Kira Sunanshi

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki. Ina Baba da su Nazifa, ya aikin hatsi a Matankari? Mu nan Yamai lahiya lau. Kan tabarma nake kwana gefen gadon Yaya Usman a asibiti, amma na saba.

Tunda ya faɗi da moto, babur ɗin nan, kanshi ya bugu, sai jiya ya sha fura da hannunshi. Bai gane ni ba tukuna, "madam" yake ce mini. Na yi dariya, sannan na ɗan fita waje.

Lokotoro, likitar da ke duba shi, ta ce ba iska ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta ji ciwo, kuma muryar gida na taimakonta. Wai uwarshi ta kira sunanshi a waya. Na ce ɗan fari ne, ba ki taɓa faɗin sunan ba. Ta ce su dai ba su da wannan maganin.

Don Allah Inna, ki ari wayar Kawu, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa. Zan kara mishi a kunne, ni in toshe nawa.

Allah shi bar mana ke.

Ɗiyarki,
Barira