Ƙofar Tantin Baban Amira

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Yau ma Baban Amira ya nuna tsohon tantinsa da hannunsa mai lafiya. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai ɗaiɗai: ruwa, zafi, Habsatu. Da kuma "dutsi". Wannan kam ba ta taɓa maƙale masa ba.

Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kai baƙi kwana a bayan dutsin garin nan. Turawa, ma'aikata daga Yamai, 'yan lakwal da malamansu. Ya kafa musu tanti ƙarƙashin gawo uku, ya dafa shayi, ya nuna musu inda rana ke faɗuwa kamar shi ya ajiye ta. Baƙi sun daina zuwa tun kafin ciwon, hanya ba lafiya. Ni kuwa matarsa ko sau ɗaya bai kai ni ba. Na sha yi masa gori.

So yake ya ƙara ganin wurin. Likita ya ce da ni a waje, murya ƙasa: abin da yake so a yi masa, kada a jira.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na roƙi ƙanensa Jalaluddeen mota. Ya bar awon shinkafa ya dube ni. "Yaya Habsatu, wurin ga na shirka na. Can masu bori ka yanka. Ba ni kai ɗan'uwana." Da yamma Inna Altine, ƙanwar uwarsu, ta zo da nata: wai doguwa, aljanar wurin, ce ta taɓa shi don ya kwantar da baƙi a gidanta, sai an ba ta jan akuya. Ɗaya ya ce kada a je, ɗaya ta ce a je da akuya. Babu wanda ya tambayi mai ciwon.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zafi. Bai ci komai ba. Na yi masa tsawa, na koma madafa na yi kuka.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mun je. Illo maƙwabcinmu ya yarda da amalankensa na jaki, Allah ya saka masa. Bayan asuba muka shimfiɗa katifa, mu biyu muka ɗora shi, tanti a gefensa. Duk hanya yana murmushi da rabin baki. Rabon da in ga haka na manta.

Da muka zagaya bayan dutsin sai na ji Illo ya ce innalillahi. Masu haƙar burji sun cinye wurin. Rami ja, faɗinsa ya kai filin ƙwallo, da sawun manyan motoci. Gawo ɗaya ya rage a bakin ramin, saiwoyinsa a waje.

Baban Amira ya duba dama, ya duba hagu. Ya ce, "Ba nan na ba."

Na ce nan ne. Illo ya ce nan ne, wallahi. Ya girgiza kai, ya nuna gaba da hannu, a ci gaba. Ina za mu ci gaba? Muka juyo rana na dukanmu. Ko kwance igiyar tantin ba mu yi ba.

Litinin, 12 ga Mayu

"Dutsi," in ji shi da safe. Kamar jiya ba ta faru ba. Da na sani da na bar shi da wurinsa yadda yake a kansa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Amira ta kira daga Dosso, wai in yi haƙuri. Haƙurin ma na gaji da jin sunansa. Ƙafafunsa sun kumbura. Hadari ya fara haɗuwa yana watsewa.

Laraba, 28 ga Mayu

Ban je aiki ba. Na kafa tantin a tsakar gida, ni kaɗai, turaku biyu sun karye na sa duwatsu. Na juya ƙofarsa gabas, don daga nan ana hango kan dutsin ta saman katanga. Na ce ko wannan ya samu. Na kira Illo muka shigar da shi.

Bai ko kalli dutsin ba. Turakun yake bi da ido, ransa a ɓace. Sai ya buɗe baki, magana ta fito a jere, irin wadda ban ji ba tun bara:

"Wa ya koya miki? Ƙohwa yamma aka yi. Hadari daga gabas yaka zuwa, baƙi su jiƙe."

Illo ya juya baya yana goge ido. Na so in ce in na juya ba za ka ga dutsin ba, kuma wane baƙo? Ban ce ba. Muka fitar da shi, na tuge turaku, na juya tantin, muka mayar da shi. Yanzu bangon madafa yake kallo, da tulu, da tsintsiya. Hankalinsa kwance.

Na kawo masa shayi. Ya dube ni irin kallon da ban sani ba, ya yi mini maraba da Faransanci kamar baƙuwa, ya ce, "Bonne arrivée, madame. Hanya lahiya?"

Na cire takalmi na shiga na zauna. Na ce lafiya lau, wurin naku da kyau.