Maganar Farin Jikin Maryama

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ina gajiya, ina hidima? Yaya Alhaji da yara, yaya kuma zaman Legas? Mu nan Furfuri lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kin ji matata Zainabu ta sauka, amma ba ki ji abin da ya biyo baya ba. Jaririyar, Maryama, zabiya ce. Tun ranar suna mata ke ƙus-ƙus, har Inna ta ce wai Zainabu gamo ta yi a rafi tana da ciki. Zainabu ta daina fitowa tsakar gida.

Sai na kwashe su muka tafi asibiti a Gusau. Likita ta zaunar da mu ta ce, "A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai DNA, umarni ne da ake gada daga uwa da uba. RNA ke kwafo shi ya kai inda ake haɗa furotin, wato sinadarin gina jiki. Furotin ɗin da ke sa fata ta yi baƙi ne bai haɗu daidai ba a jikin Maryama. Kai ka ba da rabin umarnin, matarka ta ba da rabi."

Na dawo na faɗa wa Inna. Sai ta ce, "Wato har da jininmu?" Na ce har da shi. Da la'asar ta aiko a kawo mata jikarta ta goya.

Yaya, ki nemo mana man kare fata daga rana. Yarinyar nan za ta yi karatu in sha Allahu, kuma duk mai magana a kanta daga yau, da ni zai yi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Alhaji.

Ƙanenki,
Sanusi