Iskar da ke Bin Bangon Ɗakin Inna

Maigatari, 9 ga Janairu, 1995

Yaya Abdulbaƙi,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau muke, in ban da Inna da tari ya kwantar sati uku. Yanzu dai ta fara shan kunu da hannunta. Ƙanwarmu Asama'u ta sauka lafiya, an samu mace.

Takardarka ta iso ta hannun direban Gumel, na kuma ga inda ka ce sakacina ne ya kwantar da Inna. Tunda ka faɗi taka, ji tawa. Kai ka zo da sallah ka sa aka rushe ɗakinta na ƙasa, ka ce uwar ma'aikaci ta fi ƙarfin ginin laka. Ka kawo Barau magini ya jera bulo ya ɗora kwano, ka ɗauki hoto ka tafi, babu filasta babu silin. Na ce maka bulon nan rami gare shi a ciki, ka ce me mace ta sani game da gini.

Da sanyi ya kama, iska ta riƙa shiga ta bakin bulon sama da aka bari a buɗe ƙarƙashin kwano, ta bi ramukan ta sauko, ta fito ta wata tsaga daidai kan gadon Inna. Bangon har kuka yake kamar sarewa. Ita ta ɗauka mutanen ɓoye ne, ta hana a gaya maka don kada ranka ya ɓaci. Ni na kunna aci-balbal na bi bangon, duk inda harshen wutar ya kwanta na shafa gawayi. Wuri goma sha ɗaya na samu.

Ni da maigidana Manu muka yi gyaran. Muka cusa tsumma da takardun siminti a bakin bulon, muka liƙe tsakanin bango da kwano da kwaɓin ƙasa da ƙaiƙayi, muka toshe gefen taga, muka yaɓe ciki da waje. Kafa ɗaya muka bari a sama saboda hayaƙin garwashi. Tun daga ranar nan, tarin ya fara sauƙi.

Yanzu kuma ka ce za ka turo Barau ya kankare yaɓen don ya ɓata maka gini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya, kai kuwa ko kwana ɗaya ba ka yi a ciki ba. In Barau ya zo, a bakin ƙofa zai same ni.

Ka gaishe da Rabi'atu da yara. Yayarmu Adda tana gaisuwa, Inna ma haka. Har yau duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa ɗanta ne ya gina mata ɗaki. Ban taɓa ƙaryata ta ba.

Ni ce ƙanwarka,
Ummulkhairi