Madara Ba Ta Wanke Huhu

Zuwa ga Alhaji, mai gidan buga banderol, wato manyan ƙyallayen talla, da nake aiki a nan Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da kasuwa.

Ni ne Sani, wanda kake kira Shaƙiyyi, wanda ya ɗaure wa mai gadi takalmi da ƙafar kujera yana gyangyaɗi. Sau biyu na same ka a biro, wato ofishinka, da wannan magana, sau biyu ka yi dariya ka ce me kuma na ƙullo. Laifina ne, ni na saba muku da wasa. Shi ya sa na rubuto inda jama'a za su gani. Lakol ta boko ban yi ba, allo na yi. Harufan nan a jikin banderol ɗinka na koye su, a yi mini afuwa in sun karkace.

Na farko, Laminu. Shekara shida yana tsaye kan babbar mashin ta buga banderol, a ɗakin da ba a buɗe ƙofarsa don kar sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya fita, kar yashi ya shiga. Baƙo in ya leƙo sai ya toshe hanci ya ja baya saboda warin tawada. Mu tuni mun daina ji. A azumin bara numfashinsa ya sarƙe a sahun Juma'a, aka ɗauke shi kamar buhu. Yau yana Mirriya wajen mahaifiyarsa, da mata da ƴaƴa biyu. Damina ta zo ta wuce bai iya noma kunya ɗaya ta gyaɗa ba. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ya tsaya ya dafa bango.

Na biyu, madara. Kowace safiya kana sa a ba mai mashin gwangwani ɗaya, ka ce tana wanke dafin tawada. Mun yarda, don haka ake yi a ko'ina. To Laminu taubashina ne, ɗan kawuna, kuma ka san abin da ke tsakanin taubasai. Nakan huda gwangwaninsa ta ƙasa in zuƙe, in mayar masa da shi wofi cikin firijo. Ya ɗaga ya ji sakayau, ya biyo ni da sandar kwali har bakin titi, kowa yana dariya, har da kai. Daga ranar da ya faɗi, kwana uku abinci bai wuce mini ba. Na ɗauka ni na kashe shi. Na je likita na samu lokotoron da ke duba shi, na faɗa mata duk abin da na yi. Ta ce madara ciki take tafiya, wari kuwa huhu yake shiga, ko nonon garke guda ya sha ba abin da zai tare. Ta kuma ce kar ya sake komawa ɗakin nan. Raina ya yi sanyi, amma kafin in kai ƙofa na gane abin da ta faɗa: duk shekarun nan ba komai tsakaninsa da warin.

Sai kuma jarkar tawada. Faransancin da ke jikinta ban iya ba, amma akwai hoton mutum da tauraro fashe a ƙirjinsa. Ni da bakina na ce lambar soja ce, nake sara wa Laminu ina ce masa Kaftan. Kai Alhaji ka yi karatu. Kai ka san abin da hoton yake nufi.

Na ƙarshe, na ji za ka ƙaro mashin, kuma irin ta da ka yi ciniki. Da ka aike ni Kano sayen leda na ga wata da ake ce wa lateks. Tawadarta da ruwa aka haɗa, mashin ɗin da kanta take busar da ita da zafi. Na kanga hancina a jikin banderol da ta fito yanzu-yanzu, idona bai yi ruwa ba, kaina bai sara ba. Ba na ɓoye maka, mai ita ya ce tana da tsada, tana shan kuran, wato wutar lantarki, ita ma tana son iska. Amma yaransa a gefenta suke cin tuwo.

Roƙona ga shi. Ka sayi lateks. Kafin ta iso, a fasa taga a tsohon ɗakin, a sa abin zuƙe iska, a ba mai aiki takunkumi na gaske. Kuma ka taka Mirriya ka ga Laminu da idonka, har yau yana tambayar ko ka gaishe shi, ni kuma ina ce masa e.

An ce daga Litinin ni zan gaje shi a kan mashin. Zan zo aiki, in sha Allah. Zan yanka, zan naɗe, zan hau tsani in kafa allon talla a kowace rana. Ɗakin nan kam ba zan shiga ba sai na ga taga. In kora ce, ka faɗa mini a gaban mutane, ba ta bakin mai gadi ba.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da buɗi, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya ba Laminu numfashi.

Wassalam.

Naka, Sani.