Motata da Wutar Gajere

Magariya, 9 ga Satumba 1956

Zuwa ga taubashina Ɗayyabu, akawun gidan waya a Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida Yakura da yara, da gwiwar nan taka mai ciwo in hadari ya taso. Mu nan lafiya lau. Saude tana gaishe ku. Gero ya yi kyau, gyaɗa ma sai godiya.

Motar ta tashi. Ka karanta wannan sau biyu, tunda kai ne ka ce in ba masu yin murhu ita. Ƙaramar Simka ɗin nan da likita ya yar a bayan asibiti, wadda kaji suka yi shekara uku suna ƙwai a ciki, yau injin jif ne a ƙirjinta. Wata goma sha huɗu ina kanta. Na yanke hancinta na ƙara masa taƙi biyu, na ja kujera baya, na sa mata ƙafafun baya na jif bayan na rage faɗinsu. Da ƙarfin doki goma sha uku aka yi ta, yanzu sittin gare ta. In na tayar da ita, awakin unguwa har masallaci suke kaiwa.

Ba don wasa na yi ba. Alhaji Modu, mai kamyo shida, manyan motocin nan na ɗaukar gyaɗa, Kano yake kai su gyara. Ya faɗa a gaban mutane cewa in motar nan ta kai shi Dungas ta dawo da shi ba ta tsaya ba, kafin a buɗe kasuwar gyaɗa, to, kamyonsa duka na garejina ne. In ba ta iya ba, ya ce in koma tuƙi. Ka san abin da na ajiye na buɗe wurin nan. Ba ni da niyyar komawa ina ce wa wani "to, maigida".

Abu ɗaya ya rage, resor, wato falle-fallen ƙarfen da gangar mota ke zaune a kansu. Na Simka sun yi laushi, na jif sun yi tsawo, sai na yanko daga tsohon kamyo, na gasa, na lanƙwasa da kaina. Shekaranjiya na fita gwaji, ban wuce bakin kasuwa ba na ji ƙas, gindinta ya zauna a ƙasa. A gaban mahauta fa. Ƙaramin abu ne, zan sake.

Akwai kuma wata maganar banza. Tun ranar da na kafa uwar maƙera da zuga-zugi a gareji, Sarkin Maƙera Gajere ya aiko cewa ba a hura wutar ƙira a garin nan sai an je an gaishe shi, an ɗebo garwashin farko daga maƙerarsa. Na ce a gaya masa ni makanise ne, mai gyaran mota, fartanya ba ta cikin aikina, kuma ina da ashana. Ubana noma ya yi a Kwaya, ban gaji komai wurin kowa ba, da hannuna na kai inda nake. Yanzu zan je in durƙusa wa mai yin lauje?

Ka duba mini wurin direbobin can ko akwai mai littafin aikin ƙarfe da Faransanci, ka aiko da motar wasiƙu.

Ka gaida kowa. Naka,
Mainasara

Magariya, 14 ga Oktoba 1956

Ɗayyabu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji zazzaɓin ƙaramar ya sauka, Allah ya ƙara sauƙi. Littafi ya iso, na gode. Shawarar da ka liƙa a ciki kuwa ban roƙa ba. Shekara biyu kaɗai na yi a koleji, kai ka yi huɗu, amma ashe kai ma goro za ka ce in saya.

Sau uku ke nan yanzu ina yin resor ɗin nan. Na biyun na tsoma su a ruwa suna ja, yadda na ga ana yi, suka fito da tauri har zarto ba ya kama su. Na yi murna. A hanyar Dungas na sake mata, Ɗayyabu, ban taɓa jin abu irin wannan ba, itatuwa suna wucewa kamar ana fizge su. Allurar gudu ta kai casa'in. Sai wani ɗan kwari, ta yi tsalle, ta sauka, resor ya tarwatse kamar tangaran. Shanun wani Bafulatani ne suka jawo ni gari, ina zaune a ciki ina riƙe da sitiyari, mutane suna yi mini sannu da zuwa.

Na ukun na bi littafinka. Littafin ya ce a kai ƙarfe digiri ɗari takwas, a sake mayar da shi ɗari huɗu. Da me zan auna? Da yatsa? Na ƙiyasta, na bar su suka huce da kansu. Waɗannan ba su karye ba, lanƙwashewa suka yi a hankali, har taya tana gugar jiki tana hayaƙi.

Ga gawayi. Na ƙirya ake so, mai riƙe wuta. Ƙande ce ke kawo shi daga daji, na tare ta a hanya, ta ce kayan na maƙera ne, tun kakarta haka ake, ko buhu ɗaya ba za ta karkatar ba. Na ce in ƙara mata, ta ce in ƙara wa jakina. Da gawayin dafa shayi nake ƙira.

Duk garin an gama yanke hukunci, wai Gajere ya ɗaure mini ƙarfe. Wanzamina ya faɗa mini, aska tana wuyana, ba halin musu. Inna ta taso tun daga Kwaya a kan jaki da jan zakara a ɗaure, ta ce in kai wa tsoho ya kwance. Na yi mata bayani da hankali cewa ƙarfe ba ya jin magana, zafi da sanyi kawai ya sani. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambayi Saude ko tun yaushe na fara haka. Saude kuma, maimakon ta tsaya mini, sai ta ce ita dai ta san wuƙar da Gajere ya yi mata tun aurenmu ba ta taɓa ɓarewa ba.

Zakaran yana nan, ya hana ni barcin rana.

Alhaji Modu ya biyo jiya. Ya zaga motar, ya taɓa gindinta da sandarsa, ya ce an sa ranar buɗe kasuwa, saura sati huɗu. Na ji ya riga ya aika Kano ana tambayo masa wurin ajiye kamyo. Tsohon kamyon da nake yanka kuma saura falle takwas a jikinsa, na gwaji ɗaya ke nan. Wannan kai kaɗai na gaya wa. Da safe in na buɗe gareji na ga motar a gurfane, sai in ji abincin ma ya fita raina. Injin nan lafiyarsa lau, ni na san abin da na yi. Ƙarfe takwas ne za su mayar da ni direban wani.

Kada ka sake rubuto mini maganar goro.

Naka,
Mainasara

Magariya, 18 ga Nuwamba 1956

Taubashi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na san labari ya riga wasiƙar nan, don direbobi ba sa riƙe magana. Gara ka ji daga bakina, ba da ƙari ba.

Na je. Da goro, da zakaran Inna, da guntayen resor a buhu. Na zaɓi ranar da ba kasuwa, da hantsi, don kada a gan ni, na tarar da rumfar cike da manoma sun kawo gyaran kayan girbi. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce ranka ya daɗe. Gajere gajere ne da gaske, ga tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Ya bar ni a durƙushe har ya gama wata fartanya.

Sannan ya zazzage buhun. Ya ɗauki guntu ɗaya ya duba bakin karayar, ya ce wannan ruwan sanyi na yi masa. Ya ɗauki lanƙwasasshen, ya ce wannan kuma na ji tsoronsa ne. Wani daga cikin manoman ya ce ai Sarki ne ya ɗaure. Tsohon ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Me zan ɗaure? Shi da kansa yana karya abinsa."

Aka yi dariya, Ɗayyabu. Da ma cewa ya yi ya ɗaure, da ya fi mini sauƙi.

Ashe shekara arba'in yana yi wa maharba tarkon kura, kuma tarko ba komai ba ne sai ƙarfe mai lanƙwasa ya dawo. Abin da na nema a littafin Faransa yana rataye a rumfarsa. Ya ce zai yi, amma ba ya ƙira wa wanda ke tsaye yana kallo. Ya nuna mini zuga-zugi. Kwana uku na zauna a ƙasa ina zuga, na ukun ranar kasuwa. Mushen nan, malamin da ya koya mana lissafi a lakwal, ya wuce, ya tsaya, ya gaishe ni da Faransanci, ya tambaye ni yaya aiki.

Ba a ruwa yake tsomawa ba, a man gyaɗa. Sannan ya goge ƙarfen, ya mayar kan garwashi a hankali, yana kallon launi yana tafiya a jikinsa, sai ya kai kamar wuyan tattabara ya janye. Na tambaye shi digiri nawa ke nan, ya tambaye ni digiri ɗan wane gari ne. Da muka gama ya zuba mini garwashi a kasko, ya ce in kai garejina. Na ratsa kasuwa da kasko a hannu.

Ranar Litinin muka tafi Dungas. Alhaji Modu ya cire rawani ya ɗora a cinya, ya kama ƙofa da hannu biyu. Kwarin nan da ya kashe ni, ta haye shi ta sauka kamar kyanwa. Minti hamsin zuwa, hamsin da biyar dawowa, don Alhaji ya roƙe ni da girman Allah in rage. Da ya sauka sai da ya zauna a dakali tukuna, sannan ya ce a kawo kamyo. Na samu, duka shida.

To, ka san sunan da garin ya sa mata? Motar Gajere. Wata goma sha shida na yi, shi kwana uku, bai ma san inda ake zuba mata mai ba. Har Inna ta aiko a yi wa Sarkin Maƙera barka.

Kamyon farko ya shigo shekaranjiya, falle biyu na baya a karye. Na hura wutata, ga gawayin Ƙande yanzu har ƙofa, ga man gyaɗa, na tsaya ina kallon ƙarfen, launin ya zo ya wuce ban gane shi ba. Na kashe wutar, na zuba su a mota na kai masa. Na nufi wurin zuga-zugi zan zauna, sai ya ce in tashi daga nan, ya miƙo mini awartaki. Na farko na ɓata shi. Ya ce in sake. Na biyu ma ya ce in sake, kuma yau da la'asar zan koma, don ya ce wuyan tattabarata har yanzu na kurciya ne.

Ka gaida Yakura da yara. In za ka zo ka gani, ka zo, zan ɗauko ka a tasha, amma in ka yi dariya da ƙafa za ka ƙarasa.

Naka kullum,
Mainasara